An yi mana jinga, to me ya rage?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, wanda ya san abu ya faɗa, wanda bai sani ba ya taya mu da addu'a. Yayana ya samu fili a bayan sabuwar jingar da aka tayar mana a gefen gari, can ɓangaren da ruwa ya kwanta a 2020, ya sake kwanciya a 2022. Da can ko kyauta aka ba ka wurin sai ka yi dogon tunani. Yanzu da jinga ta tsaya, dillalai sun yi masa caa, kuɗi ya ninka, har wasu sun fara sauke bulo. Yaya ya ce mu haɗa hannu mu saya, mu yi wa Inna ɗaki biyu da ɗan zaure. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Har yau ina ganin daren da muka fito da ita a kan amalanke, ruwa iya gwiwa, ta rungume akwatin ƙarfenta, tana ta tambayar ko an kwance akuya. Na gaya wa Yaya, ya ce tsoro ne irin na 'yan boko, an kashe maƙudan kuɗi an tare ruwa, me kuma ya rage? To ita ce tambayata gare ku. Me ya rage?

Ɗan Kasuwar Kifi: Wa alaikumus salam. Malam ka saya kawai. Fili ba ya jiran mai shawara. Bana ka ƙi, baɗi ka zo kana cizon yatsa.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwana, kafin ka saurari masu cewa ka saya, saurari wadda ruwa ya taɓa ci. Ni aure ya kai ni Maiduguri, a Gwange muke. Dam ɗin Alau tun shekarun 1980 yake tsaye a kan kogin Ngadda. Tsofaffin unguwa suna ba da labarin ambaliyar 1994, mu kuma muna jin sa kamar tatsuniya, don shekara talatin ke nan ba a ga irinta ba. Daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10, muka kwanta ana cewa ruwa ya ƙaru, kamar yadda ake faɗa duk damina. Ashe dam ɗin ya ɓalle. Cikin dare na sauko da ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa. Kafin in goya ƙaramin in tashi sauran, ya kai mana cinya. Abin da na fita da shi zani ɗaya ne da waya, ita ma ta jiƙe. Takardun makarantar maigidana, katin rigakafin yara, keken ɗinkina, duk suka tafi. Ruwan nan ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, dabbobin gidan zu suka fita, fursunoni sama da 200 suka tsere. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mu san inda za mu nufa ba. Kowa gudu yake, wasu ma wajen ruwan suke gudu ba su sani ba. Da ba dam a samanmu, da mun saba da kogin, mun san halinsa. Dam ɗin ne ya sa muka saki jiki.

Anti Nas: Allah Ya mayar da alheri, Maman Sadik. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ɗan Kasuwar Kifi: Amin. Amma Hajiya dam daban, jinga daban. Mu nan ba tafki ne a kanmu ba.

Injiniya Mai Ritaya: Tafki biyu ne ma a kanku, ɗana, nisa ne ya ɓoye muku su. Tiga da aka gama a 1974 yana kan kogin Kano, Challawa da aka gama a 1992 yana kan kogin Challawa. Su biyun ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya wuce Ringim, ya sauko mana. Kuma a Kano ɗin ma an taɓa gani, dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agusta 1988. Amma bari in bar zancen dam in amsa wa Baban Walida, don tambayarsa ita ce tambayar da ya kamata a yi tun ranar da katafila ta bar wurin.

Duk wata jinga, tun a takarda, da tsayin ruwan da aka yi ta dominsa. Ba a gina jingar da za ta tare kowane irin ruwa, ba a ƙasar nan ba, ba a ko'ina ba, don babu mai kuɗin. Ana duba tarihin kogin a ce, to, mu tare ruwan da ya kai kaza. Wanda ya fi haka zai haura, kuma masu zanen sun san da haka. Za ku ji ana cewa an yi gini don ambaliyar shekara ɗari. Mutane suna ɗauka sai bayan shekara ɗari za ta zo. Ba haka ba ne. Ma'anarta a kowace damina akwai yiwuwar ɗaya cikin ɗari. Ka ga kamar kaɗan ne, ko? To lissafa shekara 30 da mutum zai yi a gida, yiwuwar ta same shi aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26 cikin ɗari. Wannan fa ga jingar da aka auna, aka daddaɓe ƙasarta hawa-hawa, ake kuma kula da ita. Jingar da aka tara ƙasa da gaggawa ruwa na bin mutane a baya, wannan ba a ma san ma'auninta ba.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba. Ruwan da ya zo inda babu jinga a hankali yake hawa, yau ya taɓa gindin bishiya, gobe ya shiga lungu, kana gani kana kwashe kaya. Ruwan da ya fasa jinga kuwa a tsaye yake shigowa, da ƙarfinsa, sau da yawa da daddare. Jinga tana rage yawan zuwan ruwa, amma ranar da ta gaza, ɓarnar ta fi ta da, saboda yanzu akwai gidaje a inda da can gonar shinkafa ce.

Baban Walida: Baba Injiniya, Allah Ya ƙara lafiya. Wato ke nan kada mu saya?

Injiniya Mai Ritaya: Ban ce ba tukuna. Ban ga filin ba. Ka je ka tsaya a kan jingar lokacin da kogi ya cika, ka dubi ruwan, ka juyo ka dubi filin. In ruwan ya fi filin tudu, ka san abin da kake saya.

Jikan Sarkin Ruwa: Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara da abin da idona ya gani, don ni a bakin kogin nan aka yanke mini cibiya. Jinga ba daga sama take mutuwa ba, daga ciki take ruɓewa. Gafiya ta yi rami, gara ta yi gida, shanu su mayar da wuri ɗaya hanya har ya lotsa, mai buga bulo ya zo da rani ya ɗebi ƙasa a gindinta ya ce ai kaɗan ce. A 2022 muna sintiri da tocila wajen ƙarfe biyu na dare, wani yaro ya ce, kawu zo ka ga ruwa na tafasa. Muka je, a bayan jingar, ta ɓangaren gari, ga wani ɗan gurbi kamar bakin tulu yana ɓuɓɓugowa. Wani dattijo ya sa hannu ya ɗebo ya haska. Ya ce in ruwan garau yake, tsattsafo ne, a sa ido kawai. In ya zo da laka, to cikin jingar yake ci. Namu da laka ya zo, ja wur. Samari suka so su danna buhu a bakin ramin, ya hana, ya ce in kun toshe nan zai fasa can. Ya sa muka kewaye shi da buhunan ƙasa kamar rijiya, ruwan ya taru a ciki ya hau, ƙarfinsa ya ragu, ya koma fitowa garau. Muka kwana a wurin. Da ba wanda ya bi ta nan da tocila a daren, da wani labarin ake yi yanzu.

Injiniya Mai Ritaya: Wannan dattijon injiniya ne, takarda ce kawai ba a ba shi ba. Abin da ya yi shi ne abin da ake koyarwa.

Ɗan Gwagwarmaya: Ni fa wannan magana ta sintiri da tocila ita ke ɓata mini rai. Kullum talaka ne zai sayi buhu, talaka ne zai kwana a ruwa, sauro na cizonsa, maciji na binsa. Ina kuɗin muhalli da ake warewa? Ina masu riƙe da muƙamai? Mu daina lallaɓa zance. In an yi aiki mai inganci ba sai wani ya kwana yana gadin ƙasa ba.

Injiniya Mai Ritaya: Ɗana, haƙƙinka ne ka tambayi inda kuɗi ya shiga, kuma ina bayanka. Amma ko da an yi aikin da babu kamarsa, sai an yi gadi. Amurka ba ta rasa kuɗi ba, amma a 2005 katangun ruwan birnin New Orleans suka fashe, mafi yawan garin ya nutse. Mutanen Holan duniya ta sallama musu a harkar jinga, amma a 1995 sai da suka kwashe mutane kusan 250,000 don tsoron kada tasu ta ɓalle. Bayan nan ne ma suka sauya tunani, a wasu wurare suka ja jinga baya suka bar wa kogi filin da zai baje. Su da suke da komai ke nan.

Ɗan Gwagwarmaya: To su sun kwashe mutanensu kafin ruwa ya zo. Mu wa zai kwashe mu? Da wace mota? Zuwa ina?

Maman Sadik: Yauwa. Wannan ita ce tambayar. Zuwa ina.

Ɗan Yamai: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ku ba ni wuri in sa baki, don abin da kuke faɗi kamar da mu kuke. Mu nan Yamai kogin Isa, wanda kuke kira Kwara, sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda koguna irin su Sirba suke kawowa daga wajen Burkina, akwai kuma wanda yake tahowa daga Gini ya iso mana da sanyi, wajen Janairu. Jan ruwan shi ne mugun. Bayan ambaliyar 2012 aka tada mutane daga bakin kogi aka ba su wuri a Seno, aka kuma yi aikin katangar ruwa. Da yawa suka koma inda suka fito, don can ne garkarsu take, can ne kifinsu yake. A Satumba 2020 ruwa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi daga mita 6 da santimita 20 yake farawa. Katanga ta ɓalle ta wajen Lamorde, ƙetaren kogi ya sha ruwa. Ƙanwar mahaifiyata tana cikin waɗanda suka kwana a lakkwal, wato makaranta. Abu guda da na ga ya yi amfani shi ne wannan awon. Ana faɗin santimita a rediyo, har tsohuwa ta san in an ce ɗari shida to a fara ɗaure kaya. Ku kuna da sandar awo a bakin jingarku?

Jikan Sarkin Ruwa: Muna da tamu ta gargajiya. Akwai wata tsohuwar giginya, in ruwa ya taɓa wani tabo a jikinta, kakana yakan ce a kwance jirage. Amma yaran yanzu ba su san tabon ba, kuma yashi ya cike kogin, awon da ya yi daidai a zamaninsa yanzu ya gurgunce.

Manomin Fadama: Wannan magana ta cikewar kogi ita ce uwar matsalar, ku bar ganin jinga. Tun da aka yi dam-dam ɗin nan ruwa ya daina ƙafewa da rani kamar da, kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta samu wurin zama. Ku je wajen Guri da Kirikasamma ku gani, hanyar ruwa ta zama daji, tsuntsayen jan baki sun samu masauki suna cinye mana shinkafa. Ruwa ya zo bai samu hanya ba, dole ya nemi ta gari. An kawo katafilolin nan masu shiga ruwa suna yashewa, kuma wallahi inda suka bi an ga bambanci. Sai dai kachala ba ta san an gama kwangila ba. Ka share bana, baɗi ta dawo. In gindin kogi yana hawa duk shekara, jingar da ta isa bana, nan da shekara biyar ta zama gajera ko ba wanda ya taɓa ta.

Kuma akwai maganar da ba a so a faɗa a fili. Ruwan da kuka tare ina ya tafi? Bai koma Kano ba. Mu da muke ɗaya gaɓar, shekarar da aka ɗaga jingar wani gari da ba zan kama suna ba, gonata da ba ta taɓa nutsewa ba sai da na shiga da kwalekwale na yanko abin da ya saura. Shi ya sa za ka ji ƙauye biyu da suke auratayya sun kwana da sanduna, kowa na gadin tasa kada a zo a fasa da dare.

Ɗan Kasuwar Kifi: To Malam so kake mu bar garinmu ya nutse don gonarka?

Manomin Fadama: Ban ce ba. Amma kifin da kake sayarwa da shinkafar da kake ci daga inda kake turo ruwan suke fitowa. In za a sadaukar da gonata don gari ya tsira, a gaya mini tun kafin in zuba taki, kuma a san yadda za a yi da ni bayan nan. Ba wai in wayi gari in ga ruwa ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi haƙuri, a sassauta. Ba a kama sunan gari ko na wani mutum a nan, kun san doka. Wanda ya turo tallan maganin basir kuma na goge, in ya sake zan fitar da shi. A ci gaba.

Malam Na Tsangaya: Assalamu alaikum. Na ga wani ya rubuto mini a gefe cewa duk wannan lissafi rashin tawakkali ne, abin da Allah Ya ƙaddara ba jinga ba sintiri. Na ce bari in amsa a nan kowa ya amfana. Wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara. Aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Annabi Nuhu, alaihis salam, umartarsa aka yi ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba, mutane na wucewa suna yi masa dariya. Abin da nake jin tsoro ma shi ne akasin abin da mai tambayar yake zato: kada mutum ya ɗauke dogaronsa daga Allah ya ɗora a kan tarin ƙasa, ya ce an yi jinga, shi ke nan. Ni almajirai arba'in da wani abu ne a hannuna, 'ya'yan mutane. Tun bayan 2022, da Agusta ta kama nake kai allunansu da buhunan hatsi gidan wani aminina a tudu, kuma kowane babba a cikinsu ya san yara nawa ne a wuyansa in an yi shela.

Anti Nas: Allah Ya saka da alheri Malam. Ni ta ɓangarena zan yi magana. Mutane suna ƙirga wanda ruwa ya ci a daren farko, mu kuma aikinmu sati biyu bayan nan yake farawa. Masai ya cika ya haɗu da rijiya, sai amai da gudawa. Ruwa ya kwanta a lunguna, sai zazzaɓin cizon sauro ya ninka. Ga saran maciji, don su ma tudu suke nema. Na karɓi haihuwa a ajin firamare, a kan benci biyu da aka haɗa, wata mata na riƙe da fitilar waya. Kuma Baban Walida, ka lura da wannan: bayan jinga ko kogi bai shigo ba, ruwan sama da ya sauka a cikin gari ta ina zai fita? Da can gangarawa yake ya faɗa kogi. Yanzu an tare. Unguwar da nake haya a da, ba kogi ne ya kore mu ba, ruwan sama ne ya rasa hanya ya kwanta wata guda, ginin ƙasa ya jiƙa daga gindi yana zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya Mai Ritaya: 'Yata kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Jingar kirki ana yi mata kwalbati mai murfi, wanda yake buɗewa ruwan gari ya fita, ya rufe in kogi ya taso. In kogi ya fi gari tudu kuma sai da injin zuƙe ruwa. To wa ke riƙe da makullin? Wa ke sayen mai? Na taɓa zuwa duba wata, na tarar da murfin an cire an kai wa 'yan gwangwan, ramin kuma cike da leda. Wato an bar wa kogi ƙofa a buɗe. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ba a yanka musu kintinkiri, shi ya sa ba mai waiwayarsu.

Hajiya Mai Shinkafa: Ni tambaya gare ni. Ana ta cewa inshora, inshora. Akwai wanda ya taɓa karɓar ko sisi a cikinku? Kuma ya halatta?

Manomin Fadama: Akwai hukumar inshorar noma ta tarayya, NAIC, yawanci da bashin noma ake haɗa ta. Ni ban taɓa shiga da kaina ba. Abin da na sani, in za ki shiga ki sa a karanta miki takardar tas, ki ji ko ambaliya na ciki, da kwana nawa aka ba ki ki kai rahoto.

Malam Na Tsangaya: Hajiya, malamai sun yi magana a kan inshorar kasuwa, shi ya sa aka samar da takaful, wanda aka gina a kan taimakon juna, kuma akwai kamfanoninsa a ƙasar nan. Amma zancen yana da tsawo, mu ware masa rana.

Hajiya Mai Shinkafa: To mu dai matan layinmu abin da muka iya muka yi. Cikin adashinmu muna cire wani abu duk sati a ajiye gefe, ba mai ɗauka sai ruwa ya yi ɓarna. Bara da shi muka sayi buhu ɗari biyu da tabarmi. Kuma na daina tara shinkafa a ƙasa, na sa an yi mini dakali iya ƙugu a sito. Takarduna suna cikin leda biyu a cikin bokiti mai murfi, a rataye. Maman Sadik, labarinki ne ya sa na yi haka tun da kika ba mu shi bara.

Ɗan Gwagwarmaya: Duk na ji. Amma hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara kafin damina, hukumar yanayi ta NiMet ma tana fitar da nata, har da sunayen ƙananan hukumomi. A Abuja ake karantawa da Turanci a otal. Wa ke kawo shi kunnen mai unguwa? Ruwan da ya wuce Wudil kwanaki yake yi kafin ya iso mana. Kwanaki fa! Waya ɗaya daga Ringim ta isa. Ni na ɗauki wannan, zan nemi mutum uku a garuruwan sama da za su riƙa turo mana hoton ruwa kullum da safe daga Agusta. Amma in an turo, wa zai ce a tashi? Don in ni na faɗa, cewa za a yi yaron nan ya fiya tada hankali.

Jikan Sarkin Ruwa: Sai an haɗa da dagaci da limamai. Lasifikar masallaci ta fi kowace waya. Kuma a yarda tun yanzu a kan alama ɗaya: in ruwa ya kai nan, tsofaffi da masu ciki da yara su tafi makarantar tudu, ba sai an yi gardama ba. A shafa jan fenti a jikin ginshiƙin gada kowa ya gani. Matsalar da muka samu a 2022, mutane sun ƙi fita don tsoron ɓarayi, sai da muka ce samari za su kwana a unguwa.

Baban Walida: Jama'a na gode ƙwarai. Na tura wa Yaya duk abin da kuka ce, ya ce a sa shi a zauren zai yi magana da bakinsa. Shugaba don Allah.

Shugaban Zaure: Na sa shi. Bismillah Alhaji.

Yayan Baban Walida: Assalamu alaikum. Na karanta, kuma ban raina maganar kowa ba, balle ta Baba Injiniya. Amma ku ji nawa. Shekara tara Inna tana gidan haya. Filin tudu da kuke faɗa na tambaya, kuɗinsa ya ninka wannan sau huɗu, ni kuma dako nake yi da mota ba tawa ba. Masu cewa kada a gina a kwari, akwai wanda zai ba ni tudu? Ba wanda yake son ya kwana da ruwa a kansa. Talaka ba ya zaɓen wuri, abin da aljihunsa ya kai shi yake zauna. Na ce da ƙanena tsoro ne, na yarda na yi kuskuren kalma. Amma shi ma ya faɗa mini inda za mu kai ta.

Maman Sadik: Alhaji wallahi ka yi gaskiya. Mu ma Gwangen muka koma, ina za mu? Sai dai yanzu ina kwana da jaka a bakin ƙofa daga Agusta har ƙarshen Satumba, kuma yarana sun san hanyar da za mu bi ko cikin duhu.

Injiniya Mai Ritaya: Alhaji, ba zan ce maka kada ka saya ba alhali ban da filin da zan ba ka. In ya zama dole, to ka gina kamar jingar ba ta nan. Ka nemi alamar da ruwan 2022 ya bari a jikin bishiya ko tsohon bango, ka ɗaga daɓen ɗaki ya haura ta. Daga fandisho zuwa taga a yi da bulon siminti, ko da sama za a ƙarasa da ƙasa. Masai a ɗaga bakinsa. Kada ka sayi wanda yake manne da gindin jingar ko an rage maka kuɗi, nan ne ruwa ke fara dukan in ta fashe. Ɗaki ɗaya da aka ɗaga ya fi biyu a ƙasa. Kuma Inna ba za ta kwana a can ba duk ranar da ruwa ya taɓa jan fentin da ake magana, wannan ku yi alkawari tsakaninku tun yanzu. Ciko kuɗi ne, ka sa shi a lissafi, wataƙila ka ga ratar da ke tsakaninsa da filin tudu ba ta kai yadda kake zato ba.

Yayan Baban Walida: Tifa nawa na ƙasa kake gani zai ci, Baba?

Injiniya Mai Ritaya: Sai na gani da idona. Ranar Asabar bayan la'asar ina gari. Ku zo da igiyar awo da doguwar sanda. Jikan Sarkin Ruwa, in kana kusa ka zo ka nuna mana inda ruwan ya tsaya.

Jikan Sarkin Ruwa: Zan zo in sha Allah. Akwai wata tsamiya a wajen, har yanzu da zanen laka a jikinta, ya kai mini kafaɗa.

Yayan Baban Walida: Kafaɗa?

Jikan Sarkin Ruwa: Kafaɗa, Alhaji. Kuma ni ba gajere ba ne.

Hajiya Mai Shinkafa: Kafin ku watse, wa ya san inda ake samun buhun da ba komai a ciki da sauƙi yanzu? Na bara rana ta cinye su, taɓawa kaɗan sai su yage.

Ɗan Kasuwar Kifi: Hajiya ki bari sai ranar kasuwa, zan tambayar miki wajen masu hatsi. Guda nawa?